Sabulun Toka da Ƙamshin Lemu a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Hanyar da ta fita daga birnin Sakkwato ta yi kudu maso yamma, ta ratsa Boɗinga, ta bar Yabo a gefe, ta bi ta Shagari da Tambuwal har ta sauka Jega, masu tarihi sun fi saninta da sawun malamai da na mayaƙa, kuma suna da hujja. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya gafarta masa, ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa yana wallafa, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya sauka a Boɗinga kanta, inda labarin wafatin Shehu ya iske shi a 1817. Amma hanyar da ta ɗauki littattafai da takubba ita ce kuma ta ɗauki jakunan fatake masu goro daga Gwanja, da ƙoren man kaɗanya daga ƙasashen Yawuri da Kwantagora, da kanwa daga gabas. Kuma a bayan danga, inda idon baƙo ba ya kaiwa, matan waɗannan garuruwa suna haɗa wannan mai da tokar gonakinsu su fitar da abin da malami da almajiri, basarake da talaka, duk suke wanke tufa da jiki da shi kafin su fuskanci alƙibla. Jama'ar da aka gina ta a kan Babin Ɗahara ba za ta rasa masu yi mata sabulu ba, kuma lalle masu wannan hidima sun cancanci a ambace su.

Kafin sabulu ya wadata, kuma har bayan ya wadata, daji ya kasance yana ba mutane abin wanki kyauta. Ɓawon aduwa, in aka daka shi aka jiƙa, yana kumfa yana fitar da dauɗar tufa. Ganyen magarya kuwa darajarsa ta wuce ta al'ada ta shiga sunna, gama ya tabbata a hadisin Ummu Aɗiyya cewa da ruwa da magarya aka yi umurni a wanke 'yar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sa'an nan a sa kafur a wankin ƙarshe. Shi ya sa har gobe, in aka yi rasuwa a ƙauyukan Shagari, za ka ga an aiki yaro ya tsinko ganyen magarya tun ba a gama ɗinkin likkafani ba. Sai dai waɗannan duka ba su cin maiƙo kamar yadda sabulu ke ci, kuma rigar da ta sha zufa da man shanu da ƙurar bazara tana bukatar abin da ya fi su ƙarfi.

Asirin wannan ƙarfi yana cikin toka, kuma a nan ne ilmin matan ya fi zurfi. Ba kowace toka ke yi ba. Bayan kaka, in an yanke gero da dawa an kai rumbu, sai a tara kara, a ƙone shi a wuri mai tsabta, a bar shi ya ci har ya yi fari, domin tokar da ta rage da gawayi da yawa ruwanta ba ya kaifi. Sa'an nan a sami tsohuwar tukunya a huda gindinta, a shimfiɗa ciyawa ko tsumma a ciki, a cika ta da toka a danna, a ɗora ta bisa wata tukunyar, a riƙa zuba ruwa kaɗan kaɗan yana ratsa tokar yana ɗiga a ƙasa, ja-ja-ja kamar shayi, mai santsi a yatsa, mai cizo a harshe. Ɗigar farko ita ce mai ƙarfi, ta biyu da ta uku suna raguwa, kuma mace mai gwaninta ba ta garwaya su da ka, sai ta mayar da mai rauni bisa sabuwar toka har ya yi kaifi. Wannan ruwan toka ba na masu sabulu kaɗai ba ne. Marina suna bukatarsa a karofi domin baba ya kama, majema suna bukatar toka domin su tuge gashin fatun jajayen awakin nan da suka sa sunan Sakkwato ya kai ƙasashen Turai, uwargida kuma tana ɗiga shi a miyar kuɓewa in kanwa ta yanke. Ashe abin da baƙo zai ɗauka shara ce a bakin murhu, a wannan ƙasa dukiya ce da sana'o'i uku ko huɗu ke rabawa.

Mai kuwa yana zuwa ta fuskoki dabam dabam, gwargwadon abin da hannu ya kai. Akwai kitsen shanu da na tumaki daga wurin mahauta, akwai man gyaɗa wanda masu ƙuliƙuli ke matsewa, akwai man ƙwallon aduwa, akwai kuma man kaɗanya, wanda galibinsa daga kudu yake hawowa, domin itacen kaɗanya ya fi son ƙasar da ta fi tamu ruwan sama. Matan Fulani a wurare da yawa na Sahel suna yin nasu da man shanu in damina ta yi albarka nono ya yawaita. A kan wannan mai ne fiƙihu ya shiga cikin tukunyar sabulu kai tsaye, domin a mazhabar Imamu Malik kitsen mushe najasa ne a zatinsa, ba ya halatta a yi sana'a da shi, saboda haka mai sabulu ba ta karɓar kitse sai na dabbar da aka yanka. Amma fuƙaha'u sun bambanta tsakanin abin da yake najasa da abin da najasa ta faɗa masa. In ɓera ya mutu a cikin tulun mai, man ya haramta ga ci, sai dai Shaihu Halilu a Muhtasar ya halatta amfani da irinsa ban da a masallaci da cikin ɗan Adam, masu sharhi irin su Shaihu Dardiri kuma suka bayyana cewa ana iya kunna fitila da shi, ana iya yin sabulu da shi, da sharaɗin a ɗauraye tufar da ruwa mai tsarki bayan wanki. Ina ganin hikima babba a wannan hukunci, gama ya tsare tsarkin mai ibada, ya kuma tsare dukiyar matalauciya wadda tulun mai guda shi ne jarinta duka.

Dahuwar kanta aikin yini ne. Ana ɗora ruwan toka a babbar tukunyar ƙasa ya tafasa har ya ƙone ya yi kauri, sa'an nan a zuba mai sannu a hankali, a kama muciya ana tuƙi ba tsayawa, wuta ba ta yi yawa ba, ba ta kuma mutu ba. Zai yi kumfa ya taso, a rage wuta ya kwanta, ya sake tasowa, har lokacin da mai da ruwa suka daina rabuwa suka zama abu guda, sai ka ji tsohuwa ta ce wa jikarta, "Ke 'yar nan, janye itacen, ya kama." Ma'auninta harshenta ne da tafin hannunta: in ta ɗanɗana ta ji yana cizo, toka ta rinjaya, sai ta ƙara mai, in ta murza ta ga yana barin maiƙo ba kumfa, mai ya rinjaya, sai ta ƙara ruwan toka. In ya huce a cura shi dunƙule dunƙule, baƙi ko ruwan ƙasa, mai taushi, mai jan raɓa in an bar shi a buɗe. Wannan shi ne sabulun salo. Yarbawa suna da irinsa da suke yi da tokar ɓawon koko da na ayaba da man alayyadi, mutanen Halab da Nablus a ƙasar Sham kuma sun shahara tun ƙarnoni da nasu na man zaitun da tokar wani tsiron hamada. Asalin aikin guda ne, kowace ƙasa da abin da Allah Ya hore mata.

Macen da ke cikin kulle ba ta zuwa kasuwa, amma sabulunta yana zuwa, a kan faifan 'yar talla ko a hannun tsohuwa dillaliya, kuma da kuɗinsa ake tara kwanonin gara da tabarmin ɗakin amarya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya ɗora wa shugaba nauyin raya masu sana'a a kowane gari, domin ya san al'umma ba ta tsayuwa da wa'azi kaɗai sai da kasabi. Sana'ar sabulu tana cikin irin kasabin da ya riƙe gidaje ba tare da sarauta ko tambari ba: akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Fawa, mai sabulu kuwa daga uwa take gado ta miƙa wa 'ya. Kuma ba a raba ta da manyan ranakun rayuwa, gama mai jego tana wankan kwana arba'in da shi, masu zuwa barka kuma har yau sabulu ne abin da suka fi riƙowa a hannu.

To, ina ƙamshi a cikin wannan duka? Sabulun salo na asali warin toka da mai yake yi, kuma mutanen dā ba su ɗauki wannan aibi ba, domin a wurinsu tsabta daban, ƙamshi daban. In an gama wanka sai a koma ga turaren wuta, da humra, da jema, da kajiji, da almiski ga mai hali. Wannan rarrabewa tana da tushe a karatun da kowane almajiri ke farawa da shi, daga Ahalari da Ishmawi har Risala: ruwan da ake alwala ko wankan janaba da shi wajibi ne ya zama muɗlaƙi, watau wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita da wani abu da ke rabuwa da shi a galibi ba. Ruwan da sabulu ko turare ya canza, mai tsarki ne a kansa, ana iya al'ada da shi, amma ba ya tsarkake mai ibada. Shi ya sa uwa ke koya wa 'yarta ta cuɗa jiki da soso da sabulu tukuna, ta ɗauraye sarai, sa'an nan ta ɗauki niyya da ruwa zalla, kuma kada ta bar kumfa ta faɗa cikin butar alwala. Akwai kuma lokutan da shari'a ta hana turare ɗungum: mai harama da hajji ko umra, da mai takaba har wata huɗu da kwana goma. Ga waɗannan, sabulun da ba shi da ƙamshi rahama ne, kuma wannan dalili kaɗai ya isa ya sa kada a bar shi ya ɓace.

Lemu kuwa baƙo ne da ya daɗe. Asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya yake, wajen gindin duwatsun Himalaya, kuma Larabawa ne suka yaɗa lemun tsami da danginsa zuwa Masar da Magrib da Andalus tun wajen ƙarni na 10. Malamanmu sun san ƙamshinsa a littafi tun kafin ya yawaita a lambu, gama a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito an kamanta mumini mai karatun Alƙur'ani da utrujja, wadda ɗan'uwan lemu ce, saboda daɗin ƙamshinta da na ɗanɗanonta. Lemun tsami ya sami gindin zama a lambunan fadama inda rijiya ba ta da zurfi, ya shiga kunu da magani da wankin ƙwarya, lemun zaƙi kuwa sai da motoci suka fara hawowa da shi daga Binuwai da ƙasar Yarbawa ya zama abin da yaro ke saye a tasha. Amma haɗa ƙamshinsa da sabulu sai da wani babban sauyi ya auku.

Sauyin ya faro ne daga nesa. A 1791 wani Bafaranshe mai suna Leblanc ya gano hanyar fitar da soda daga gishiri, a 1823 kuma wani ɗan ƙasarsu, Chevreul, ya bayyana haƙiƙanin abin da ke faruwa in mai ya gamu da ruwan toka, daga nan sabulu ya bar murhu ya koma masana'anta. A tsakiyar shekarun 1880 William Lever ya fara sayar da Sunlight a Ingila, a yanke, a naɗe, da ƙamshi, kuma masana'antu irin nasa suka buɗe baki suna neman mai daga ko'ina. Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Kauran Namoda ta Gusau a 1929, gyaɗar talakawan Arewa ta riƙa gangarawa teku buhu buhu. A 1923 kamfanin Lever ya kafa reshensa a Nijeriya, ya gina masana'anta a Apapa, daga baya kamfanin PZ ya kama yin nasa a Aba. Sai ga sabulun sanda a kantunan Sakkwato da kasuwannin ƙauye, mai tauri, ba ya narkewa a raɓa, ana yanka shi da zare a sayar gutsure gutsure, bayansa kuma ga Lux ga Omo. Dalilin taurinsa shi ne soda, domin gishirin da ke cikin tokar kara sabulu mai laushi yake bayarwa, soda kuwa mai ƙarfi. Abin da ke sosa mini rai a nan shi ne, man da aka raba manomi da shi da araha shi ne wani lokaci ke komo masa a cikin takarda da tsada, matarsa kuma, wadda ta fi kowa sanin yadda ake sarrafa shi, aka fara yi wa sana'arta kallon ƙauyanci.

Abin da ya mayar da tukunyar sabulu cikin gidaje shi ne tsanani. A zamanin da ɗan wannan ƙasa, Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, yake shugabancin Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilun 1982, shigo da kaya ya yi wuya, masana'antu suka rasa abin aiki, har ya zamana a 1984 mutane suna layi domin sabulu da madara da sukari. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira ya ƙara wa abin nauyi. A 1987 uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Maryam Babangida, ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara, kuma yin sabulu da man shafawa yana cikin sana'o'in da aka fi koyarwa a cibiyoyin mata tun daga lokacin har zuwa shirye-shiryen da suka biyo baya. Sai dai sabulun da ya komo ba shi ne wanda ya tafi ba. Wannan na soda ne da ake saye a shagon kemikal, da man alayyadi, da kala, da turaren kwalba, kuma turaren da ya fi karɓuwa shi ne na lemu, domin hancin mutane ya riga ya ɗaura wannan ƙamshi da tsabta.

Wadda ke son ta yi shi da lemu na gaskiya, akwai abubuwan da ya kamata ta sani, kuma da yawa ba a faɗa mata su a wurin koyo. Ƙamshin lemu ba a ruwansa yake ba, a ɓawonsa yake, cikin 'yan ƙananan ƙofofin nan da ke fesa mai in an matsa shi kusa da ido. Ruwan kuwa tsami ne, tsami kuma kishiyar toka da soda ne, in aka tuttula shi a cikin haɗi sai ya kashe kaifinsu, sabulun ya tsinke ya koma maiƙo. Hanyar da ta dace ita ce a feƙe ɓawon sama sama ban da farin cikinsa, a shanya a inuwa, a daka a tankaɗe, ko a jiƙa shi cikin mai na wasu makonni kafin a haɗa, a kuma zuba shi a ƙarshe bayan haɗin ya fara kauri. Ko da haka, man ɓawon lemu mai saurin tashi ne, kuma a ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40 ba ya jimawa, sai an naɗe sabulun an ɓoye shi daga rana. Masu dabara suna tallafa masa da ciyawar nan mai ƙamshin lemu da ake sa wa shayi, domin nata ya fi zama. Soda kuma ba abin wasa ba ce: ita ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba mata ruwa, ba a kaɗa ta a tukunyar alminiyam, ba a barin yaro kusa, kuma sabulun da aka yi da ita ba tare da dahuwa ba sai ya kwana mako huɗu zuwa shida yana shan iska kafin ya taɓa fata. Wadda ta kai shi kasuwa kafin haka domin gaggawar riba, ta kuma lulluɓe zafinsa da turare, ta yi algushu, daidai da mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, wanda Manzon Allah ya tsawatar masa a kasuwar Madina.

Akwai wata fitina da ta fi wannan, kuma ba zan ɓoye ƙyamata gare ta ba. Masu gyaran amare suna kwaɓa sabulun salo da zuma da kurkur da lalle da lemun tsami, wannan kuwa ba laifi in an yi da sani, ko da yake ruwan lemun tsami in ya kwana a fata aka shiga rana da shi yana ƙona ta ya bar tabo baƙi. Amma wasu sun mayar da sunan lemu mayafi, suna cusa magungunan sauya launin fata a cikin haɗin, har da masu sinadarin zaiba wanda hukumar NAFDAC ta haramta saboda yana lalata ƙoda, su sayar wa 'yan mata da sunan kayan gargajiya. Kakanninmu da suka tsaya yini guda a kan tukunya suna ɗanɗana toka da harshensu domin kada ta ci fatar jaririn wani, ba su bar mana wannan gado ba.

A kasuwannin Boɗinga da Shagari yau za ka iske nau'in biyu a jere, curin salo a cikin roba da yankan mai ruwan ɗorawa mai ƙamshin lemu, kuma sau da yawa salon ma daga kudu aka kawo shi. Karan dawa ya yi daraja, dabbobi na ci, ana girki da shi saboda itace ya yi tsada, ba kowa ke iya ƙone shi domin toka ba. Soda kuwa galibinta daga waje ake shigo da ita, duk ranar da naira ta faɗi sai jarin mai sabulu ya faɗi tare da ita. Tsofaffin da suka san wace toka ce ke da kaifi, da yadda ake gane ɗigar farko, da lokacin da ake janye itace, suna nan a Sifawa da Danchadi da Dingyaɗi da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Shagari, kuma shekaru suna tafiya da su. Shawarata ga masu shirya koyon sana'a a ƙananan hukumomin nan biyu ita ce su ɗauko waɗannan iyaye su zaunar da su a gaban aji a matsayin malamai, a biya su kamar yadda ake biyan wanda ya zo daga birni da takarda, a auna ruwan tokarsu da ma'aunin zamani a rubuta, a kuma gwada garin ɓawon lemun lambunan fadama a cikin salon da aka dafa da man gyaɗar gida, a ware wani kaso ba ƙamshi domin alhazai da masu takaba.